Fitilar da Baba Ya Gyara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar? Kin je an duba ta, ko har yanzu kina jira ta gaji da ciwo ta bari da kanta? Mu nan sai godiya. 'Yarki Shugaba ta cika wata bakwai, ta fito da haƙora biyu, kuma da su take mulkin gidan. Baba lafiyarsa lau, tun da ya dawo ɗakin baya wajenmu har 'yar ƙiba ya yi.

Na rubuto ne maimakon in kira, saboda ke a waya kuka kike farawa kafin a gama magana, Baba kuma yana jin komai ta bango.

Ga labarin. Likitar da take duba ni a asibitin koyarwa ta ce suna wani bincike kan masu farfaɗiyar da magani ya kasa riƙewa gaba ɗaya. Irina ke nan, mai shan ƙwaya iri uku tana faɗuwa duk da haka. Za a ba mutum wani akwati mai fitila ya kai gida, ya zauna gabansa awa ɗaya kowace safiya har mako goma sha biyu, fitilar tana ƙyaftawa sau arba'in a sakan guda. Ba a daina magani. Ta ce an ga alama a ɓeraye da a mutane kaɗan cewa irin wannan ƙyaftawar tana iya kwantar da ƙwaƙwalwa, amma ba wanda ya tabbatar, shi ya sa ake binciken. Wannan “ba wanda ya tabbatar” ɗin ne ya sa na yarda da ita. Shekara tara ina koyar da ƙididdiga, kuma rabin aikina hana ɗalibai rantsuwa a kan abin da ba su sani ba ne.

Na san kin riga kin ajiye takardar kin dafe kai. Fitila mai ƙyaftawa, a gidan da Baba yake kwana! Mai gyaran wutar da tun ranar da na fara faɗuwa, ina 'yar shekara goma sha huɗu, ya ɗaura yaƙi da duk wani haske mai rawa. Kin tuna yadda ya cire dogayen fitilun gidanmu a yini ɗaya, ya kai talabijin gidan maƙwabta ya bar musu, ya hana kunna fanka da fitila tare wai fukafukin yana yayyanka haske, muka yi ta karatu muna tsiyayar zufa? Ya je makarantarmu da tsani ya canza fitilun ajinmu ba wanda ya roƙe shi. Ranar da zan kare digirina, ya riga malaman shiga ɗakin.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba sai Maigidan. Kafin su karɓe ni sai da suka manna mini wayoyi a kai, suka haska mini fitila a ido, a hankali, da sauri, da matsakaici, a rana biyu daban. A da, duk gwajin da aka yi mini, da an zo kan fitila Baba ke cewa a tsallake, ni ma da na girma na gaji cewar. Wannan karon na ce a yi. Yaya, ƙwaƙwalwata ko gezau. Likita ta ce cikin masu farfaɗiya kaɗan ne haske ke tayar wa ciwo, su ba a ma saka su a binciken, ni kuwa ba na cikinsu, kuma da alama ban taɓa kasancewa ba. Nawa daga wani ɗan tabo ne a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa da shi aka haife ni.

Ta yaya zan dubi tsohon nan in ce masa shekara ashirin da biyun da ya yi a kan tsani ba su da alaƙa da ciwona? Ba zan iya ba. Ke ma kada ki faɗa.

Na sa hannu a takardunsu. In kina son dalili, ga shi: wata bakwai ban taɓa yi wa 'yata wanka ni kaɗai ba. Ba na ɗaukar ta a tsaye sai da wani a kusa. A ƙasa nake ba ta nono, a ƙasa nake canza mata kaya, kamar masu zaman makoki. In akwai ko da ƙaramar ƙofa, zan leƙa.

Ki gaishe da kowa, ki sa ni a addu'a ba tare da kin yi shela ba.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, har da tabon hawaye a shafi na biyu, don kada in yi zaton wani ne ya rubuta. Na ji daɗi da kika je aka duba gwiwar. Allah ya ƙara sauƙi.

Yau kwana goma sha takwas da zuwan akwatin. Bai fi faifan tire girma ba, fari ne, an liƙa jar takarda a kan kowane kusa na bayansa don a san in an buɗe. Dokarsu sai da wani a zaune kusa da ni, don haka Maigidan ke zama kafin ya tafi awon filayensa. Ya karanta littafin bayanin sau uku, yanzu yana gyara wa nas ɗin asibiti magana.

Baba na ce masa likita ce ta ba da, kuma sun gwada sun ga ba zai cutar da ni ba. Rabin gaskiya ke nan, kuma ya ji ƙamshin ɗaya rabin. Ya zagaya akwatin hannu a baya kamar an kawo maciji a kwali. Ya tambayi wa ya ƙera shi. Da Maigidan ya kunna, bangon falo ya kama rawa, sai ya ce shi dai a shekara arba'in da ya yi yana aikin wuta bai taɓa ganin lafiyayyar fitila tana haka ba, kuma in yaron shagonsa ne ya haɗa wannan, da a ranar zai sallame shi. Kwanakin farko a bakin ƙofa yake tsayawa rungume da matashin kai, yana jiran in kife.

Ban kife ba. Amma makon farko ba daɗi: ido na ruwa, kai na nauyi, awa ɗaya kamar zaman taron ma'aikata. Sai a rana ta takwas na tashi na ga abin ya yi sauƙi. Nas ta riga ta ce ido yana sabawa, to nawa ya saba har ya zarce. Yanzu hasken tsaye nake ganin sa cak, kamar na kowace fitila. Maigidan ma ya ce nasa idon ya saba, kuma wai shafi na tara ya yi bayanin haka.

Kuma tun ranar, sau ɗaya kawai ciwon ya zo, shi ma ƙarami, ina zaune. Ni malamar ƙididdiga ce, na san kwana goma ba hujja ba ne, ba zan ce komai ba. Ina dai murmushi a ɓoye.

Abin da ya fi ba ni mamaki Baba ne. Ya ajiye matashin. Yanzu shi ke kawo mini shayi, ya zauna gefe da Shugaba a cinya yana mata waƙa. Ashe na raina tsohon. Na ɗauka sai an yi wata ana daga, ga shi ya sauko cikin mako guda. Na gode wa Allah, na kuma ji kunyar zargin da na yi masa.

Zancen maƙwabciyarki mai ɗa mai farfaɗiya: don Allah ki ce mata kada ta tsaya tana kunna wa yaro wuta tana kashewa. Wasu hasken ne ke kayar da su. Ta kai shi a gwada.

Ranar Litinin zan kai akwatin a duba. A shafa mini kan yara.

Taki,
Auta


Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya. Ni jikina lau, sauran kuma ki karanta ki yanke hukunci.

Ki nemo takardar da na aiko miki makon jiya ki sa a murhu.

Na kai akwatin. Injiniyansu ya jona, ya duba, ya sake dubawa, ya kira nas. Nas ta kira Likita. In mutum uku suka tsaya a kan abu ɗaya ba mai magana, kin san ba yabo ke tafe ba. Aka juya bayansa. An ɗaga jajayen takardun nan da reza an mayar da su daidai, sai da gilashin ƙara girma aka gane. A ciki kuwa an sa wata 'yar guntuwar waya ta tsallake abin da ke yanka wutar, fitila ta koma ci tsaye. Injiniyan ya ce bai taɓa ganin ɗinkin dalma mai tsafta haka ba, har yana tambaya ko zai iya ɗaukar hoto. Likita ta harare shi.

Wato idona bai saba da komai ba. Kwana goma sha uku ina zaune da natsuwa gaban fitilar karatu, ina rubuta wa yayata cewa na fara samun sauƙi. Ni, mai kayar da ɗalibai a jarrabawa a kan irin wannan.

Dokar binciken a rubuce take: wanda aka taɓa wa akwati, an cire shi. Likita ta ce za ta kai maganar gaban kwamitinsu, ba ta yi mini alkawari ba, kuma kafin nan tana son ganin mai hannun. Na ce mata na san shi, a gidana yake cin abinci.

Na same shi yana gyara wa Shugaba ƙafar keken koyon tafiya. Bai musa ba, bai ma ɗago ba. Ya ce ranar da na tafi makaranta da rana ya yi, minti ashirin, kuma shi gyara ya yi, ba ɓarna ba. Ya ce likita littafi ta karanta, shi kuwa shi ya ɗauke ni daga ƙasa.

Yaya, na faɗi maganar da ba a faɗa wa uba. Na ce masa shekara ashirin da biyu yana gyara ni, ya isa haka. Na ce saboda shi 'yata za ta yi wayo ba ta san hannun uwarta a ruwan wanka ba. Ya ajiye sukundireba a hankali ya shiga ɗakinsa. Kwana uku ke nan a can ake kai masa abinci, kuma kwanon yana dawowa kusan yadda ya tafi.

Har a cikin fushin ban gaya masa sakamakon gwajin ba. Ban sani ba ko tausayi ne ko tsoro.

An ba mu ranar Alhamis. Ya ce ba inda za shi. Ke kaɗai yake jin kunya, ki kira shi. Wannan karon in kin yi kuka ma zai yi amfani.

Ƙanwarki mai dogon baki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum, da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Ban san me kika ce masa ba. Na dai ga ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis ya fito cikin kayansa masu kyau, da abin gwada wutar nan nasa mai kama da biro a aljihun gaba, kamar wanda aka kira aiki.

Na shirya jin faɗa, Likita kuwa kujera ta ba shi. Ta tambaye shi shekara nawa ya yi yana aikin wuta, ta ce to ashe zai fi ɗalibanta saurin gane abin da za ta nuna masa, don ƙwaƙwalwa ma da wuta take aiki. Ta dube ni tana neman izini. Na ɗaga mata kai.

Ta shimfiɗa takardar gwajina a tebur, layuka birjik kamar an ja su da tsintsiya. Baba ya sa tabarau. Ya nuna wasu ƙananan alamu a ƙasa ya ce waɗannan fa? Ta ce duk alama ɗaya, fitila ce ta haska a idon 'yarka. Ya bi layukan sama da yatsa tun daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar yadda yake bin waya a bango. Ya ce a nuna masa inda aka ƙara sauri. Aka nuna. Ya ce to a kawo masa ta lokacin da ciwon ya zo. Ta ɗauko wata, wadda layukan suka haukace. Ya ce a nan wace fitila aka kunna? Ta ce babu, barci ma take yi.

Ya daɗe yana kallon takardun biyu. Ni ina jiran ya gane cewa duk hawa tsanin nan a banza ne, ina ta shirya abin da zan ce. Sai na ji ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba: “Wato ba fitilar shagona ba ce.”

Yaya, kin san da wannan? Ni abin da na riƙe na ranar farko shi ne na biya shago daga makaranta, da warin dalma, sai farkawa a cinyar Inna, Allah ya jiƙanta. Ashe doguwar fitilar da ke saman teburin aikinsa ta yi mako guda tana ƙyafta ido. Inna ta yi masa magana sau biyu, yana cewa gobe, don yana fama da na mutane. A ƙarƙashinta na faɗi. Wani ma'aikacin asibiti ya tambaye shi a ranar ko akwai haske mai rawa a wurin, ya ce akwai, mutumin ya gyaɗa kai. Shi ke nan. Da gyaɗa kan nan ya yi shekara ashirin da biyu. Ko Inna bai taɓa gaya wa abin da ke ransa ba.

Likita ta ce masa: “Baba, ko a ɗaki mai duhu take a ranar, da ta faɗi. Ba kai ba ne.” Ya sa ta maimaita. Ta maimaita. Ya cire hula, ya shafa fuska da ita, ya mayar a karkace. Nas ta tuna tana da aiki a waje. Ni kuwa da nake taƙama ba na kuka a gaban mutane, na gano gadon gidanmu ne, ba ke kaɗai aka bar wa ba.

Dubi wayona. Na ɓoye takardar nan kusan wata biyu don kada ta karya shi, ashe takardar 'yancinsa ce nake zaune a kai.

Da ya dawo daidai ya ba Likita haƙuri a kan akwatin, a tsaye, hannu a ƙirji. Sannan ya ce tunda an zo nan, wayar akwatin ta yi siriri kuma kan da ake jonawa ya yi sako-sako. Injiniyan, da ke tsaye a gefe, ya ɗauko biro ya rubuta.

A mota na ce ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce wace magana, shi kunnensa ya tsufa. Wannan mai ji ta bango.

Kwamiti bai zauna ba tukuna. Ko me suka yanke, ban yi asarar zuwa ba.

Taki har kullum,
Auta


Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, da ban haƙuri a kan shirun wata huɗu. Na san Baba yana ba ki labari a waya, amma na san irin labarinsa: rabi Shugaba, rabi farashin waya. Yaya gwiwar, yaya yara da jarrabawa?

Kwamiti ya yarda in sake daga farko bayan hutun wata guda. Likita ta tsaya mini a gabansu, faɗan da ban gani ba, nas ce ta tsegunta mini. Sabon akwatin ya zo da kusoshi masu wani irin kai da babu sukundireban Baba da ya shiga. Ya duba su ya ce an girmama shi. Da aikin Maigidan ya koma sammako, Baba ne ya karɓi zaman gadi. Satin farko bayansa yake juya wa fitilar. Daga baya na ga yana satar kallo, yana motsa baki, wai yana ƙirga ko arba'in ɗin ta cika.

Jiya na gama mako goma sha biyu. Kafin binciken, a irin wannan tsawon lokaci na faɗi sau tara. Wannan karon sau shida. Kada ki yi guɗa. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, kuma kin ga da idonki yadda fitilar karatu ma ta “warkar” da ni. Sai sun haɗa na kowa za a san ko akwai wani abu, Likita ta ce shekara ɗaya ko fiye. Amma ranaku ukun nan da ban faɗi ba, ko daga ina suka zo, na karɓa hannu biyu.

Wanka ni kaɗai har yanzu ba a ba ni izini ba. Abin da muke yi, Baba yana ɗora kujera a bakin banɗaki ya zauna, ni ina ciki a durƙushe da baho. Da can da ya karɓe soson. Yanzu ko leƙowa ba ya yi sai na kira, sai dai in ji shi yana gaya wa Shugaba ta jiƙa uwarta da kyau. Tana jin maganarsa.

Kwanan nan na tambaye shi ko yana jin haushin shekarun tsani. Ya ce fitilun da ya canza ai duk suna bukatar canji. Ni ma na yi tunani a kai. Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu ban taɓa shiga baƙon ɗaki ba sai da sanin wani ya riga ni shiga ya duba. Da wannan na yi makaranta, da shi na tsaya gaban aji. Bai hana ni faɗuwa ko sau ɗaya ba, amma ban san a wane layi na takardar gwaji ake auna shi ba. Na gode masa, ya ce in daina surutu in miƙo masa filaya.

Ke ma na gode, Yaya, da kiran nan da kuma kukan.

Yanzu fanka da fitila tare suke aiki a falo, in kin zo ba sai kin taho da mafici ba. Sannan ga na ƙarshe. Ranar Talata ƙwan fitilar baranda ya fara ƙyafta ido. Ina zaune ina kallo Baba ya fito da kofin shayinsa, ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai. Na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba, ya tsaya a hanya. Ya kurɓi shayi ya ce, “Gobe.” Ya wuce.

Yau Juma'a. Yana nan yana ƙyaftawa. Maigidan ya ɗauko tsani ɗazu, na ce in ya taɓa ƙwan nan ni da shi ne.

A gaishe da mutanen gidan duka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Autar mai gyaran wuta